Halin Mutum Sai Wurin Biyan Kuɗin Biza

A da, neman biza aiki ne na ƙafa da baki. Mutum ya yi sammako ya kama layi a ƙofar ofishin jakadanci, ya gaisa da mai gadi, ya tambayi na gabansa mutumin wane gari ne, in an yi sa'a a tarar ashe surukin ƙanin wane ne. Ko an hana ka, ka dai ga fuskar wanda ya hana ka, kana da wanda za ka yi wa Allah ya isa. Yanzu ƙasashe da yawa sun kwashe ofishin sun zuba a waya. Turkiyya ta soma ba da biza ta intanet a 2013, Indiya ta bi sahu a 2014, Saudiyya ta buɗe tata ta yawon buɗe ido a Satumbar 2019. Ka cike fom, ka ɗora hoto da shafin fasfo, sannan ka iso inda ake danna biya. To, a nan ake yin ta. Wurin nan ba ya jin don Allah, ba ya jin don Annabi, bai san gidanku ba, ba a taya shi balle ya ce albarka. Duk dabarun shawo kan mutum da Bahaushe ya gada kaka da kakanni a nan suke zubewa, a bar kowa da halinsa. Mai son kallo kyauta ya samu benci a kowane kafen intanet na Kano ko Kaduna, musamman gab da hutun ƙarshen shekara.

Wanda ake fara saurara, ko da shi ya zo ƙarshe, shi ne Alhaji Ka-San-Ni-Kuwa. Ba ya zama a benci. Kujerar mai kafe ake ba shi, mai kafen ya tsuguna. Ba ya taɓa kwamfuta, yaro ne ke bugawa, shi yana ba da amsa yana fama da waya biyu. Tun a fom rigima ke tashi. In na Amurka ne, wato DS-160, akwai jerin tambayoyin da ake yi wa kowa, har da ko mutum yana da niyyar aikata ta'addanci. Yaron ya karanto yana rage murya, Alhaji ya sauke waya daga kunne.

"Kai ɗan nan, ni suke tambaya ko kai?"

"Ranka ya daɗe, kowa ma haka ake tambayarsa."

"To ni kowa ne?"

Kafin a gama lallashi ya fita amsa gaisuwar wani. Fom ɗin kuwa in an bar shi wajen minti 20 ba a taɓa ba, korar mutum yake yi. Ya dawo ya tarar an koma baya, laifi ya hau kan yaro. Da aka gaya masa kuɗin dala 185 ne tun Yunin 2023, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Nawa za su bari?"

In kuma ƙasar da ake biya nan take da kati ce, sai ya zaro katin Verve ya jefa kan tebur. Katin gida ne, yana aiki lafiya a POS ɗin bakin layi, amma yawancin shafukan waje Visa ko Mastercard suka sani. Jan rubutu ya fito. Alhaji ya ce a sake dubawa, ko ba su san miliyan nawa ke ciki ba? Ya kira manajan banki a gaban jama'a, ya sa kowa ya ji ana ce masa yallaɓai. Daga ƙarshe ya juyo kan yaron: "Ba ni lambar mai shafin." Ya yi imani akwai wani mutum zaune a bayan shafin, mai uwa da uba da ɗan'uwa a Abuja, wanda waya ɗaya za ta tayar tsaye.

A yi masa adalci, wani laifin ba nasa ba ne kaɗai. A 2022, da dala ta yi wuya, bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2023 da yawansu suka rufe ƙofar ɗungurungum, ba su soma buɗewa ba sai a Yulin 2025, shi ma da iyaka. Tsawon wannan lokaci, attajirin da zai iya sayen kafen haɗe da layin shagunan ba ya iya biyan dala 30 da katin aljihunsa. Rabin halayen da ake gani a kafe a wannan zamani aka haife su.

Kusa da shi akwai Sarkin Danna. Shi bai yarda da jira ba. Da zarar ya danna biya ɗan da'irar nan ta fara juyawa, sai ya ƙara dannawa, ya ƙara, ya koma baya, ya sake shigowa, ko da shafin ya rubuta da manyan baƙaƙe kada a taɓa komai. Wayarsa ta yi ƙara, alat. Ta sake, alat. Ta sake. An cire kuɗi sau uku, shafi kuma ya ce ko sisi bai gani ba. Sai salati ya tashi.

Abin da ke faruwa ba sihiri ba ne. Kana dannawa, bankinka zai ware kuɗin ya riƙe, kamar yadda dillali ke riƙe kuɗin mai saye kafin a sallama: sun bar aljihunka, ba su shiga na mai kaya ba. In sabis ya yanke kafin ɓangarorin biyu su ji juna, kuɗin na nan a tsakiya, galibi su dawo da kansu bayan 'yan kwanaki, abin da ake cewa sun yi ribas. Maganin shi ne a ɗauki hoton abin da ya fito, a ajiye lambar fom, a je a sha ruwa, a dawo bayan 'yan sa'o'i a duba ko biyan ya shiga. Shafin bizar Indiya, wanda 'yan Nijar da Gana da Kamaru ke iya amfani da shi, ya faɗa ƙarara cewa in gwaji ya faskara fiye da sau uku za a rufe lambar fom ɗin, mutum ya sake daga bismillah. Sarkin Danna bai taɓa karanta wannan layin ba, ya danne shi tun kafin ya gama buɗewa. An ce sauri ya haifi nawa, nasa kam ya haifi 'yan uku.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi da dariya a haɗe shi ne Mai-Layi-a-Ƙauye. Katinsa lafiya lau, kuɗi na ciki, banki ya yarda. Saura abu ɗaya: lambar OTP da banki ke turowa ta saƙon waya, wadda ke mutuwa cikin mintuna kaɗan. A nan ne zai tuna layin da ya buɗe asusu da shi yana cikin ƙaramar wayar da ya bar wa mahaifiyarsa tun sallar bara. Ya kira. Ɗan halak kuwa ba ya kiran uwarsa ya ce karanto min lamba.

"Inna, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Mai-sunan-Malam. Ya iyalin? Ya mai jikin, ta ji sauƙi?"

"Da sauƙi, Inna. Dama wani ɗan saƙo ne..."

"Madalla. An yi ruwa wajenku? Mu nan jiya har katangar bayan gida ta zube. Kawunka ma yana ta cigiyarka."

Agogo na tafiya a fuskar kwamfuta, gumi na tafiya a fuskarsa. Da ƙyar ya samu ya sako maganar, Inna ta ce bari a kira yaron nan ya duba, ya tafi kai niƙa. Yaro ya dawo, amma sai an kashe waya kafin a buɗe saƙo. A kashe, a sake kira, a sake gaisawa a taƙaice. Yaron ya karanto tallar kamfanin waya daga farko har ƙarshe. A ce ba wannan ba, na ƙasa. Ya karanto lambar, sai dai ta ɗazu ce, don a tsakani an nemi sabuwa, sabuwa kuwa tana kashe tsohuwa. Ana cikin haka Inna ta karɓe wayar.

"Tsaya tukuna. An faɗa mana a rediyo kada a ba kowa lambar nan, ko da ya ce ɗanka ne. Kai ɗin ne kuwa?"

Kuma gaskiyarta. A duk labarin nan ita kaɗai ta bi ƙa'ida. Shi ma ya gode Allah yana da wadda zai kira, don akwai wanda layinsa yana cikin waɗanda aka rufe a 2024 saboda ba a haɗa su da NIN ba, lambarsa tana tafiya inda ba mai karantawa.

Sai Malam Ba-A-Cuta-Ta. Yana rufe katinsa da hannun babbar riga. In an zo kan lambobi ukun nan na bayan kati sai ya ce waɗannan ko uwargida ba ta san su ba. Ya sa kowa ya juya baya, ya buga da yatsa ɗaya, ya yi kuskure, ya zargi kwamfutar. Ƙarshe ya tattara takardunsa ya ce zai yi da kansa a gida, ya gaji da yaran zamani. A gida ya shiga Google ya danna abin da ya fara fitowa, wanda sau da yawa talla ce. Shafi mai kyau, ga tuta, ga tambari, ga hoton fadar sarakuna. Bai duba ƙarshen adireshin ba, alhali nan ne bambancin yake: na gwamnatin Indiya da gov.in yake ƙarewa, na Turkiyya da gov.tr, na Kenya da go.ke. Wasu daga cikin shafukan nan 'yan tsakiya ne, za su cike maka fom ɗin gaske su ninka kuɗin. Wasu kuwa ko fom ba sa cikewa. Abin da zai burge shi, a can katinsa bai yi gardama ba ko kaɗan. Gudun gara ya faɗa gidan zago, kuma ba zai taɓa ba da labarin ba.

Kishiyarsa ba ya ɓoye komai. Daga bakin ƙofa yake karanto lambobi goma sha shidan katinsa da ƙarfi, ya haɗa da na baya, ya ƙara da PIN da ba wanda ya tambaye shi. Irinsa ne ke biyan kuɗin bizar Gana, alhali tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Najeriya ke shiga Gana ya yi kwana 90 ba biza. In ka gaya masa sai ya ce ba komai, ai ya fi zama cikin tsari.

Da katin gida ya gaza, sai a tuna da zumunci. "Ina da yaro a Amurka." Yaron nan shi ma nau'i ne mai zaman kansa, ko da yake ba a ganinsa a kafe. Rabon da a tambayi lafiyarsa tun da ya sauka, amma yau ƙarfe goma na safe a Kano, lokacin da can ko asuba ba ta gama yi ba, wayarsa na ruri. Kawu ne. Ɗan taimako kaɗan, dala ɗari da wani abu, ai wannan wajenku kuɗin shayi ne. Ya turo lambobin katinsa cikin magagi. Bankinsa na can ya ga katin da jiya da dare ya sayi burodi a unguwarsu yau ya bayyana a wata kwamfuta a Fagge, ya rufe shi nan take. Kawu bai samu biza ba, yaro bai samu karin kumallo ba. In kuwa biyan ya shiga, akwai sauran rina a kaba. Wanda aka biya wa a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a hannun 'yan canji, in ya tashi biyan bashi a Fabrairun 2024 da ta haura 1,500, a kan tsohon canji yake lissafi. Ya ba uwar yaron rabin kuɗin, ya ce a gaya masa an gode, Allah ya yi albarka. Wa zai kai ƙarar kawunsa?

A kowane kafe kuma akwai Farfesa. Ba ma'aikacin wurin ba ne, ba kuma neman biza ya zo ba, ya zo cajin waya ne. Fasfonsa ko hatimin Jibiya babu, amma ya san abin da ke ran kowane jakada. Da ya ji an ce kati ya ƙi, sai ya matso. A goge tarihin burauza. A bari sai ƙarfe biyun dare, lokacin Turawa sun yi barci shafi ya huta. A kunna VPN a nuna kamar daga Jamus ake. Wannan ta ƙarshe ita ke sa banki ya ƙara tsarguwa, don ga kati na Najeriya, ga mai shi wai a Jamus. Abin haushin, cikin shawarwarinsa goma akwai biyu na gaske: a tambayi banki ko an buɗe wa katin sayayyar waje, a kuma rubuta adireshi daidai da wanda banki ya sani. Sai dai da murya ɗaya yake faɗar na gasken da na ƙaryar, ba ka iya tsincewa. Iliminsa kuma ba ya tsufa a wurinsa. Kenya ta maye gurbin biza da izinin intanet na wajen dala 30 a Janairun 2024, a 2025 ta ɗauke wa yawancin 'yan Afirka shi, amma Farfesa na nan yana koyar da dabarar biyansa.

Akwai wanda biyansa ke shiga tashi ɗaya, kuma shi ne abin tausayi. Mai-Suna-Uku ke nan: Mohammed a fasfo, Muhammad a banki, Mamman a bakin yaron da ya cike masa fom, sunan garinsu kuma yau ya zo a gaba, gobe a baya. Jami'in filin jirgi ba ya sauraron tarihin iyali. Layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo, masu gurbi 44 kowanne, su na'ura ke karantawa, harafi ɗaya ya saɓa sai a ce wani ne daban. Ga sifili da aka buga a madadin harafin O, ga fasfon da bai kai saura wata shida ba. Abu ɗaya ya tsira da shi: ranar haihuwarsa 1 ga Janairu ce, ko Amurkawa sun sa wata kafin rana bai shafe shi ba. Kuɗin da ya biya kuwa na duba takarda ne, ba na biza ba, a ba ka ko a hana ka ba ya dawowa. Masu biyan Yuro 90 na ƙasashen Schengen, yadda aka mai da shi tun Yunin 2024, sun san zafin wannan.

In ana neman wanda ya fi ƙarfin wurin biyan nan, sai a je ga Hajiya 'Yar Dubai. A fom ta rubuta yawon buɗe ido, kuma ba ƙarya ta yi ba, idonta a buɗe yake. Burj Khalifa dai daga tagar tasi ta san shi, amma lungunan Deira da kasuwar Naif ta fi wasu 'yan garin sani. Da aka daina ba 'yan Najeriya bizar Daular Larabawa daga ƙarshen 2022 zuwa Yulin 2024, ba ta tsaya kuka ba, ta karkata Alƙahira da Istanbul. Ba ta kiran manaja, ba ta tayar da ɗan kowa daga barci. Ta biya Wapa ta sayi dalarta, ta zuba a asusun dala, katin na jakarta, layin na wayar da ke hannunta. Ta danna sau ɗaya ta naɗe hannu. Rasit ya fito ta ce a buga mata biyu, ta kuma ɗauki hotonsa. Mazan da ke bencin da digirinsu sai kallo. Rauninta ɗaya ne, hoto. Ita so take a ɗora na ranar bikin 'yarta, wanda mai kwalliya da mai hoto suka haɗa ƙarfi a kansa. A ce mata farin bango ake so, ba murmushi, lulluɓi ba laifi muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. A ɗauka a nuna mata, ta ce, "Wannan ai ba ni ba ce." A kan wannan kaɗai za a iya kai wa la'asar.

Wani kuma zai ja yaron kafe gefe ya yi masa raɗa: bizar yawon buɗe idon nan ta Saudiyya, in mutum ya ɗan daɗe, tana kai wa Arfa? Ba ta kai wa. Umara aka yarda a yi da ita, ban da Hajji, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashe 49 da aka fara buɗe wa. Zai gyaɗa kai, gobe ya tambayi wani kafen.

Malam Ba-Rabo shi bai da wahala. An cire kuɗi, biza ba ta fito ba, ya ce wani alherin ne, ya sa takalmi. Ba zai je banki ya cike takardar ƙorafi ba, wai kada ya yi jayayya da ƙaddara, ko da yake ban ga inda bin haƙƙi ya saɓa wa tawakkali ba. Shi ne abokin cinikin da mai kafe ya fi so. Mai kafen kuwa amsarsa ɗaya ce ga kowace musiba, daga katin Alhaji har hoton Hajiya: "Netwok ne." Kuɗin aikinsa tun kafin a kunna kwamfuta ya karɓe, kuma tsaba, don shi ma bai yarda da turansifa ba.

Sai Mai-Sallama, wanda ya fara daga inda ake ƙarewa. Tun bai cike fom ba ya zaga dangi neman gafara. Ya sa hoton jirgi a WhatsApp. Liman ya yi masa addu'a bayan sallar asuba, maƙwabta sun kawo sautu: wannan turare, wannan agogo, wannan jallabiya mai ruwan toka. Ya yanki tikiti mai arha wanda ba a mayar da kuɗinsa. Saura kwana biyu tafiya ya shigo kafe, an cire kuɗi, shafi ya ce ana jira. Ranar tafiya ta zo ana jira. Ya rasa bakin da zai gaya wa unguwa, sai ya sa aka kai shi tasha da jaka, ya sauka gidan wani abokinsa a Kaduna, ya kashe waya. Mai ɗakinsa ke amsa wa masu tambaya cewa ya sauka lafiya, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Bayan kwanaki kuɗin suka yi ribas, da ɗan giɓin canji. Ya shigo Kano da dare, da safe ya zaga Kwari da Sabon Gari ya haɗa sautun mutane, ya ɓamɓare takardun farashi. Da yamma zaure ya cika da 'yan barka da sauka.

"Alhaji, ya hanya?"

"Hanya sai godiya."

Maƙwabcin da ya yi sautun turare ya buɗe kwalba ya shinshina, ya lumshe ido, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Ji nan, Malam. Na can daban ne. Irin wannan ko ka zaga Kano kaf ba za ka samu ba."